Bakteriyar da Ta Daina Jin Magani: Ƙarfi Ta Ƙara ko Rauni?

Duniya ta san Galmi da albasa. Mutanen Malbaza da Dogarawa da Birnin Ƙonni kuwa, har da na Badagishiri da Illela can cikin Adar, sun san garin da wani abu dabam: nan ake kai mara lafiya idan abu ya gagara. Asibitin da ke bakin babbar hanyar Yamai zuwa Maraɗi, wanda ƙungiyar mishan ta SIM ta buɗe a 1950, ya yi suna wajen fiɗa, kuma cikin ayyukan gaggawa da likitocinsa suka fi yi wa yara akwai ɗinke hanjin da zazzaɓin taifod ya huda.

Labarin irin waɗannan yara bai cika bambanta ba. Masassara ta fara, aka ɗauka ta sauro ce, aka sha maganinta. Jiki bai yi sanyi ba, aka tsayar da mai tallar magani aka sayi kafso huɗu ko shida, gwargwadon abin da ke aljihu. Zazzaɓin ya ɗan lafa, aka bar sha. A mako na biyu ko na uku sai ciki ya kumbura ya yi tauri, yaro ya ƙi yarda a taɓa shi, sannan a shiga neman mota. Kafin a iso asibiti, bakteriyar Salmonella Typhi ta riga ta cinye bangon ƙaramin hanji, abin da ke ciki ya tsiyaye. Wani nazari da ya tattara rahotannin asibitoci masu yawa ya nuna cewa a Afirka kusan mutum ɗaya cikin biyar da hanjinsu ya huje ta wannan hanya ba ya tashi.

Idan ana jajanta irin wannan a majalisa, bayani biyu aka fi ji. Wasu su ce cututtukan zamani sun fi na da ƙarfi. Wasu su ce maganin yanzu ne ba ya ci. Masana sun shafe shekara 70 suna bin wannan batu, kuma sun raba shi gida uku: ko bakteriya tana jin magani, ko tana da kuzarin hayayyafa da yaɗuwa tsakanin mutane, sai kuma irin ɓarnar da take iya yi wa jiki, wato dafinta. Akwai bakteriyar da ta gagari kusan kowane magani amma ba ta iya kwantar da mai ƙoshin lafiya. Akwai wadda allura ke kashewa nan take, amma idan aka yi sake tana halaka yaro cikin yini guda. Yadda waɗannan uku ke jan juna shi zai nuna ko maganin da ya daina ci a Ƙonni da Illela zai iya farfaɗowa wata rana.

Lifidi yana da nauyi

Bakteriya ba ta haihuwa, rabewa biyu take yi. Irin wadda ake kira E. coli, da ke cikin hanjin kowa, idan ta samu abinci da ɗumi tana rabewa duk minti 20, har guda ɗaya ta haura miliyan 16 cikin awa takwas. Kafin kowace rabuwa sai ta kwafi bayanan gadonta, wato DNA, kuma jefi-jefi kwafin yana zuwa da kuskure. Yawancin kurakuran ba su amfana mata komai. Amma cikin miliyoyi ba a rasa guda da kuskurenta ya faɗa daidai wurin da magani ke kamawa.

Kowane antibayotik da inda yake kamawa. Penisilin da danginsa, irin su amoksisilin, suna hana bakteriya gina bangon jikinta. Sitireftomaisin da azitiromaisin suna maƙale wa injin da take ƙera furotin da shi. Rifamfisin yana toshe wanda ke karanta bayanan gado, sifrofuloksasin (sifro) kuma wanda ke warware zaren DNA. Idan siffar wurin ta ɗan sauya, magani ya zo bai samu mariƙa ba, bakteriya ta tsira. Akwai kuma hanyar aro, wadda ta fi sauri: wasu ƴan zobban DNA da ake kira filasmid, da bakteriya ke miƙa wa juna ko da ba jinsi ɗaya ba ne. Zobe guda yana iya ɗauke da dabarar narkar da magani uku ko biyar a lokaci ɗaya.

Sai dai wuraren da magani ke kamawa ba na ado ba ne, da su bakteriya ke rayuwa. Injin da aka sauya masa siffa sau da yawa yana rage gudu. Ƙera sinadarin narkar da magani, ko famfon da ke tofar da shi waje, yana cin abincin da ya kamata a yi hayayyafa da shi. Duk wanda ya taɓa kallon ƴan lifida a hawan salla ya san zancen. A fagen fama, dokin da aka lulluɓe da lifidi kibiya ba ta huda shi. Ranar sukuwa kuwa, da babu mai harbi, dokin da ba ya ɗauke da komai shi ke wucewa gaba.

Masana suna auna wannan nauyi ta hanya mai sauƙi. A zuba mai jin magani da mai bijirewa daidai wa daida cikin kwalba guda, ba tare da magani ba, a bar su su yi gogayyar abinci, bayan ƴan kwanaki a ƙirga. Sau da yawa mai bijirewa ce ke raguwa. Daga nan ne aka samu kyakkyawan zaton da ya daɗe a zukatan likitoci, cewa idan aka jingine magani na ƴan shekaru, masu jin sa za su sake cika gari, a dawo a ɗauke shi kamar sabo.

Abin da tarin fuka ya koyar

An fara ba masu tarin fuka isoniyazid a 1952. Shekara guda bayan haka, masu bincike biyu a Amurka, Gardner Middlebrook da Maurice Cohn, suka ɗauki bakteriyar da ta bijire wa sabon maganin suka sa wa ɓerayen Masar. Abin mamaki, da yawa daga cikinsu ba su yi wa dabbobin wata illa ta a zo a gani ba. Daga baya aka gano dalili. Isoniyazid ba ya aiki sai wani sinadari na jikin bakteriyar kanta, mai suna katG, ya tayar da shi. Wadda ta yar da sinadarin ta tsira daga magani, amma da shi ne take kare kanta daga gubar da garkuwar jikin mutum ke watsa mata. Ta guje wa likita, ta faɗa hannun garkuwar jiki.

Wannan sakamako ya kwantar wa mutane hankali fiye da kima. Shekaru da dama ana koyar da cewa tarin fuka mai bijire wa magani matsalar wanda ya yi wasa da maganinsa ce shi kaɗai, ba zai yaɗu sosai ba. Ashe akwai wani sauyin, a gurbi na 315 na katG ɗin, wanda ke hana isoniyazid tashi amma ya bar sinadarin yana yin yawancin aikinsa na kariya. Yau shi ne aka fi samu a jikin masu tarin fuka mai gardama a ko'ina cikin duniya. A 2006 Sebastien Gagneux da abokan aikinsa suka nuna irin haka game da rifamfisin: cikin sauye-sauye masu yawa da ke iya kawo bijirewa, wanda ya fi kowanne rashin nauyi shi ne ya fi yawa a jikin marasa lafiya. Masu nauyin suna bayyana su ɓace. Mai sauƙin ɗauka ita ke zama.

A shekarar ce kuma labarin Tugela Ferry, wani ƙauye a Afirka ta Kudu, ya girgiza likitoci. Mutum 53 aka samu da tarin fukan da ya gagari magungunan sahun farko da na biyu, 52 suka mutu, rabinsu cikin kwana 16 da ɗaukar majinarsu. Duk waɗanda aka gwada suna ɗauke da ƙanjamau. Fiye da rabinsu ba su taɓa shan maganin tarin fuka ba a rayuwarsu, wato ba su ne suka koya wa bakteriyar bijirewa ba, a shirye suka shaƙe ta daga wani. Wurin akwai darasi na biyu: bakteriyar da ta yi rauni ba ta buƙatar cikakken ƙarfi idan jikin da ta tarar ya fi ta rauni. A Adar da Gobir, inda tamowa ke kama yara duk lokacin da rumbu ya yi ƙasa, wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Nijar ta yi abin yabo a wannan fage. Tsakanin 2008 da 2010, shirin yaƙi da tarin fuka na ƙasa tare da gidauniyar Damien sun gwada gajeren magani na wata 12 a kan mutum 65 masu tarin da ya bijire, 58 suka warke, a lokacin da sauran duniya ke shekara biyu tana fama da majinyaci guda. Irin wannan sakamako yana cikin abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta duba kafin ta amince da gajeren tsari a 2016.

Ba ta sauke kayan, sabawa take yi

To idan nauyi ya dami bakteriya kuma magani ya kau, me zai hana ta koma yadda take? A 1998 Dan Andersson da abokan aikinsa a Suwidin suka sa wa ɓeraye Salmonella da ta bijire wa sitireftomaisin da rifamfisin da wani dangin sifro. Yawancin bakteriyoyin sun rasa dafi. Amma ba a jima ba, cikin jikin ɓerayen, sai ga jikokinsu sun dawo da dafin, kuma da aka gwada su har yanzu ba su jin magani. Wani sauyi na biyu ne ya auku a wani wuri dabam, ya gyara tafiyar injin ba tare da ya taɓa na farkon ba.

Lissafi ne ke goyon bayan haka. Komawa asali yana buƙatar kuskure ya sake faɗawa daidai gurbi ɗaya tak cikin miliyoyi. Gyara kuwa yana da ƙofofi da dama, kowace aka bi an isa. A 2012 aka gano irin waɗannan gyare-gyare a jikin tarin fuka mai bijire wa rifamfisin, kuma sun fi yawa a ƙasashen da cutar ta fi ƙamari. Tun 1988 ma Judith Bouma da Richard Lenski sun bar E. coli da wani filasmid suka zauna tare har zuriya 500. Da farko zoben kaya ne a kanta. A ƙarshe, wadda ke ɗauke da shi ta fi wadda aka cire mata shi kuzari.

Da aka fita daga ɗakin gwaji zuwa ƙasashe, sakamakon ya rabu. A Finlan an rage shan eritiromaisin, bijirewar bakteriyar ciwon maƙogwaro ta sauka daga kashi 16.5 cikin 100 a 1992 zuwa 8.6 a 1996. A Sin, inda aka gano a 2015 wata ƙwayar gado mai suna mcr-1 da ke kare bakteriya daga kolistin, gwamnati ta hana zuba maganin cikin abincin dabbobi a 2017. Cikin ƴan shekaru E. coli mai bijire masa a kashin aladu ta faɗo daga kashi 34 zuwa 5, a hanjin mutane kuma masu ɗauke da mcr-1 suka ragu daga kashi 14 zuwa 6. Wannan ƙwayar gado tana da nauyi na gaske, shi ya sa.

A Ingila kuwa murna ta koma ciki. Tsakanin 1991 da 1999 rubuta magungunan salfa, dangin Bactrim, ya faɗi da fiye da kashi 95 cikin 100, amma a wani babban asibitin Landan bijirewar E. coli ta tashi daga kusan kashi 40 zuwa 46. A lardin Kronoberg na Suwidin likitoci sun haɗa baki suka rage tirimetofirim da kashi 85 har shekara biyu, abin da ya sauya bai taka kara ya karya ba. Dalili ɗaya shi ne rashin nauyi. Na biyu shi ne zaman tare a zobe guda: muddin ana shan ɗaya daga cikin magungunan da filasmid ke karewa, sauran dabarun da ke kansa suna cin albarkacinsa.

Maraɗi da Madarunfa

Ba sai an je Turai ba. Tsakanin 2007 da 2008 aka bi yara 55 masu tamowa mai tsanani da aka kwantar a wata cibiya ta ƙungiyar likitocin MSF a Maraɗi. Ranar shiga, kashi 31 cikin 100 suna ɗauke a hanjinsu da bakteriya mai narkar da seftiriyakzon, allurar da asibitoci ke dogara da ita idan ciwo ya yi tsanani. Cikin 16 da suka shiga babu ita kuma aka sake gwada su ranar sallama, 15 sun fita da ita. Ƙwayar gadon da ta fi yawa, CTX-M-15, an same ta tana tsallakawa daga wannan jinsi zuwa wancan cikin hanjin yaran.

A Madarunfa, daga 2012 zuwa 2013, aka raba yara kusan 2,400 masu tamowar da ba ta kai ga kwanciya ba, rabi aka ba su amoksisilin na mako guda, rabi aka ba su abin da ya yi kama da shi amma babu magani ciki. Yawan warkewa bai bambanta sosai ba, ko da yake maganin ya ɗan rage waɗanda aka tura asibiti. Da aka duba kashin yaran, fiye da rabin waɗanda suka sha amoksisilin sun ɗauki bakteriya mai bijirewa cikin makon, a ɗaya ɓangaren kuma kusan ɗaya cikin uku. Ƴan'uwansu na gida, da ba su sha komai ba, su ma sun fi ɗauka. A 2017, a wannan yanki dai, lokacin gwajin sifro don tare sanƙarau, an tarar kusan kashi 95 cikin 100 na waɗanda aka gwada suna da bakteriyar hanji mai bijire wa sifro tun kafin a raba ko ƙwaya ɗaya.

Waɗannan alƙaluma na jihar Maraɗi ne, amma babu abin da ya raba rayuwar can da ta Ƙonni: rijiya ɗaya da dabbobi, ƙarancin salga, da magani a tire a kowace tasha. Birnin Ƙonni ƙofa ce, ƴan kilomita tsakaninta da ɗaya Illelar ta jihar Sakkwato, kuma kwalayen magani suna ƙetarawa yadda sauran haja ke yi. Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya ƙiyasta a 2023 cewa tsakanin kashi 19 da 50 na magungunan da ke yawo a ƙasashen Sahel jabu ne ko marasa inganci. Kafson da rana ta gasa a kan tire, ko wanda aka rage masa sinadari tun daga masana'anta, ba ya kashe bakteriya, tace ta yake yi. Masu bincike a Uppsala sun nuna a 2011 cewa ko ɗan ɗigon magani, wanda ya gaza abin da ke kisa sau ɗari ko fiye, ya isa ya ba mai bijirewa rinjaye. Haka ragowar allurar da makiyayi ya yi wa saniya da hannunsa, wadda ke fita cikin nono da kashi. Zancen gogayya a inda babu magani bai cika aiki a nan ba, domin da wuya a samu inda babu shi ɗungum.

Dafi hanyarsa dabam

Mutanen yankin ba za su manta sanƙarau na 2015 ba, lokacin da Nijar ta ƙirga mutum 8,500 da suka kamu, 573 suka rasu, a wata shida na farkon shekara. Sabon nau'in C ne, wanda aka fara gani a jihohin Sakkwato da Kabi a 2013 da 2014. Da aka karanta gadonsa, aka ga asalinsa bakteriya ce mai zama lafiya lau a maƙogwaron mutane, sai ta aro kwanson kariya da wasu ƙwayoyin gado na dafi daga danginta. Ta zama makashiya, amma seftiriyakzon yana kashe ta. Haka bakteriyar maruru, Staphylococcus aureus: wani bincike a biranen Afirka biyar, har da Yamai, ya samu fiye da rabin masu jin magani suna ɗauke da gubar PVL mai fasa ƙwayoyin garkuwar jini, abin da ba a cika gani a Turai ba.

Akasin haka ma yana faruwa. Acinetobacter baumannii, mai addabar ɗakunan masu jinya mai tsanani, wani lokaci tana tsere wa kolistin ta hanyar yar da wani sashe na fatarta ɗungurungum. Ta tsira, amma a gwajin ɓeraye dafinta ya kusa ƙarewa.

Abin tsoron shi ne haɗuwar biyun, kuma ya fara aukuwa. An daɗe da sanin Klebsiella pneumoniae iri biyu: mai gagarar magani da ke kama raunana a asibiti, da mai dafi da ke iya ruɓar da hantar ƙaƙƙarfan mutum amma tana jin magani. A 2016, a wani asibitin jami'a a Hangzhou ta ƙasar Sin, mutum biyar suka mutu da ciwon huhu, aka tarar mai gagarar maganin ce ta karɓi filasmid na dafi daga ƴar'uwarta. A Yulin 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da gargaɗi kan yaɗuwar irin wannan haɗi. A Afirka kuma akwai wani reshe na Salmonella Typhimurium, ST313, wanda maimakon ya tsaya ga zawo yake shiga jinin yara masu tamowa ko masassarar sauro, kuma reshen nasa da ya mamaye nahiyar shi ne wanda ya bijire wa kuloramfenikol.

Duk da haka, yawancin mace-macen ba daga ƙarin dafi suke zuwa ba. Daga jinkiri suke. Bakteriyar da dafinta bai ƙaru ko kaɗan ba tana kisa idan an shafe kwana biyar ana ba ta maganin da ba ta ji. Babban lissafin da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya ce a 2019 bijirewar bakteriya ta kashe mutum miliyan 1.27 kai tsaye, kuma yankin da ya fi kowanne yawan mutuwa gwargwadon jama'arsa shi ne Afirka ta Yamma, da mutum 27.3 cikin kowane 100,000. Masu cewa maganin ne ba ya ci sun fi kusa da gaskiya a kan masu cewa cutar ce ta ƙara ƙarfi.

Taifod da maganin da ya rage

Kuloramfenikol ya zo a 1948 ya mai da taifod, mai kashe kusan ɗaya cikin biyar a da, cutar da ba ta cika kisa ba. A 1972 aka yi babbar annoba mai bijire masa a Meziko. Kafin 1990 an samu wadda ta haɗa shi da amfisilin da Bactrim ta gagare su duka, kuma gwajin jinin yara a Kano da Abuja ya tabbatar irinta tana nan Afirka ta Yamma. Aka koma sifro. A wasu sassan Indiya da Nepal, da aka bar tsofaffin magungunan, bakteriyar ta yar da filasmid ɗin ta dawo tana jin su, wato kyakkyawan zaton nan ya tabbata. Sifro kuwa ba haka ba. A 2013 Stephen Baker da abokan aikinsa a Biyetnam suka ƙera nau'i 11 na taifod mai bijire wa dangin sifro suka haɗa su gogayya da uwarsu babu magani, shida suka rinjaye ta. Irin wannan, ko an kwashe sifro daga kowace kasuwa, babu dalilin da zai sa ta ja da baya. A ƙarshen 2016 kuma, a Hyderabad ta Pakistan, aka samu wadda ta ƙara da seftiriyakzon. Maganin sha ɗaya ya rage mata: azitiromaisin.

Wannan maganin ne aka bi ƙauyukan Nijar ana ɗiga wa yara a baki sau biyu a shekara. Gwajin MORDOR, da aka buga a 2018, ya nuna a Boboye da Loga ta jihar Doso mutuwar yara ƴan ƙasa da shekara biyar ta ragu da kashi 18 cikin 100. Gwajin AVENIR, daga 2020 zuwa 2023 a ƙauyuka 3,000 na jihohin Doso da Tawa, ya samu ragin kashi 14 idan an ba duk yara daga wata 1 zuwa 59. A ƙasar da fiye da yaro ɗaya cikin goma ba ya kai shekara biyar, babu mai hankalin da zai raina wannan.

Amma MORDOR ɗin ya auna ɗaya gefen. Bayan shekara biyu, bakteriyar limoniya mai bijirewa a hancin yara ta kai kashi 12 a ƙauyukan da aka raba maganin, kashi 3 a sauran. Bayan shekara huɗu, ƙwayoyin gadon bijirewa a hanjinsu sun ninka fiye da sau bakwai. Masu goyon bayan rabon suna kafa hujja da Habasha, inda aka raba maganin don ciwon ido na tirakoma, bijirewa ta kai kusan kashi 77, sannan ta sauko zuwa kusan 21 shekara biyu da dainawa. Hujja ce mai kyau, sai dai can an daina ne bayan shekara uku. Rabon da zai ɗauki shekara goma yana ba bakteriya lokacin gyara tafiyarta, kuma a 2019 an riga an ba da rahoton taifod mai bijire wa azitiromaisin a Bangaladash, da sauyi ɗaya tak a famfonta.

Hukuncin da ya fi dacewa shi ne a ci gaba da ceton yaran da ke gaban ido, amma kada a yi shi a makance. A yawancin asibitocin karkarar Tawa, gwajin Widal ne ake kira gwajin taifod, alhali yana yawan kuskure kuma ba ya faɗin maganin da bakteriya ke ji. Wannan sai an shuka jini a ɗakin gwaji, abin da ya kamata a samu a Ƙonni da Tawa kullum, ba sai samfur ya yi tafiya zuwa cibiyar CERMES a Yamai ba. Ruwan famfo mai tsabta da allurar rigakafin taifod, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita tun 2018, suna rage masu buƙatar maganin tun daga tushe. Ana sanar da adadin yaran da azitiromaisin ya ceta, kuma daidai ne. Ya kamata Ma'aikatar Lafiya ta riƙa sanar da adadin bakteriyar da ta daina jin sa, jiha jiha, kowace shekara, a wuri guda da na farkon.